Mundayen da Takarkarina Ya Sani

Mundayen ga biyu da ke hannuna sun tsufa tare da ni. Jan ƙarfe ne, ƙirar Rabah, masu buɗaɗɗen baki, kuma duk mai lura zai ga sun yi wa hannuna yawa. Ba ramewa na yi ba. Buɗa su anka yi don su shiga hannun namiji, namijin kuwa mijina ne, Allah shi jiƙan shi.

Wani ƙauye muke zaune gab da Wurno, ta wajen hanyar Kwargaba, zamanin da Sarkin Musulmi ya fi zama Wurno bisa ga Sakkwato. Ni 'yar Rabah ce, aure ya kai ni can. Mijina ba malami ba ne, ba mayaƙi ba, manomin albasa ne. Shina da garka ƙetaren wani reshe na gulbi, cikin fadama, wadda ubanshi ya noma kafin shi, da jigo na ban ruwa kafe bakin rami. Albasar garkar nan ita ke ci da mu: ni, da shi, da ɗiyanmu mata biyu ƙanana, da uwarshi wadda nike kira Inna. Mundayen ma daga albasar farko da ya cire bayan aurenmu sunka fito.

Wata damina kurkunu ya kama shi ga gwiwar dama. Kowa na yin kurkunu wurinmu. A naɗe tsutsar ga tsinke, a riƙa ja kaɗan kaɗan har ta fita, mutum ya miƙe ya kama aikinshi. Tsutsar mijina kuwa ta tsinke ciki. Gwiwa ta kumbura awa tulu, ta yi ruwa, ta fashe, da ta warke kuma sai ta sandare. Ƙafa ta koma taɓarya, ba ta lanƙwasuwa. Cikin gida shina ɗingisawa da sanda, ya kai zaure, ya kai masallaci in an yi haƙuri da shi. Amma zuwa garka sai an gangara tudu, a shiga ruwa, a fita cikin laka mai riƙe ƙafar mai lafiya ma. Ranin farko garka ta zauna ba kowa, ciyawa ta rufe jigo. Munka ci abin da ke rumbu, munka ci kuɗin zaren da ni da Inna muke kaɗawa.

Da ruwa ya fara ja da baya shekara ta biyu, mai gari ya zo zaurenmu da kanshi. Mutumin kirki ne, ba zan yi mishi ƙarya ba. Ina bayan zana ina jin su.

Ya ce, "Ka san yadda abin shike. Ƙasar hwadama ba ta kwana rani biyu ba mai ita, ga masu ɗiya da yawa ba su da ko taki guda. Ran da za a hwara dashe, in na ishe ka tsaye ga jigonka, taka ta. In ban ishe ka ba, kada ka riƙe ni ga rai."

Mijina ya ce, "Gaskiya ta, ranka shi daɗe."

Ya shigo gida. Ya zauna gindin rumbu ya miƙe ƙafar nan gabanshi shina kallonta. Ba shi da ƙane kusa, ɗa namiji Allah bai ba mu ba tukuna, mace kuwa ba a riƙa mata garka.

Wani zai ce a aza shi ga jaki mana. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kai jaki bakin laka ba. Doki kuwa ba irin namu ke da shi ba. Abin da muke da shi takarkari ne, kuma nawa ne, ba na mijina ba, a riƙe wannan. Uwata ta ba ni karsana da za a kai ni ɗaki, karsanar ta haife shi. Fari ne, bokolo, mai gajeren ƙaho da tozo mai taushi, da igiya ga hanci. Shina ɗaukar taiki ba gardama, ruwa kuwa son shi shike, ko ya kai mishi wuya sai ya kutsa. Aibinshi tsawo. Gida ana iya aje turmi a kama mutum a aza shi. Ƙetaren gulbi fa? Ba turmi, ba mai kamawa. Wanda kuma sai an sauke shi awa buhu kowace safiya, ko mai gari ya yarda shina tsaye ga jigonshi, shi kanshi ba zai yarda ba. Na san mijina. Dole sa ya gurfana da kanshi, ya tsaya gurfane har mai sandararriyar ƙafa ya hau ko ya sauka, ba gaggawa.

Mazan unguwa sunka zo su taimaka, irin taimakon da sunka iya. Sunka ɗaure mishi ƙafar gaba, wani ya ja hanci, wani ya doki gwiwa da sanda. Ya faɗi kam, amma da anka sake shi sai ya zabura ya bi ta cikin zana ya fita da ita ga ƙaho. Kwana da kwanaki ko inuwar namiji ya gani sai ya ja igiya har hanci ya yi jini. Na ce a bar mani dabbata.

Ni ban yi karatu ba, amma ina da ido. Rumbunmu bisa duwatsu shike, in na yi sussuka ko tankaɗe, dusa da ƙaiƙayi kan taru ƙarƙashi. Na sha ganin san nan, in ba kowa kusa, ya lanƙwashe ƙafafun gaba, ya kai gwiwa ƙasa, ya zura kai ƙarƙashin rumbu shina lasa. Ashe ya iya gurfana tun tuni, ba wanda ya koya mishi. Abin da ya rage ya yi shi in an ce ya yi.

Sai na fara. In watsa dusa ƙarƙashin rumbu, in taɓa mishi ƙafar gaba da kara, in ce, "Ƙasa." In ya gurfana in ba shi kanwa. Ba abin da shanu ke so awa kanwa, sai dai ba a cika musu ita don tana sakin ciki, saboda haka nakan farfasa ta ƙanana in ƙulle ga haɓar zane. Can mace ke aje abinta, ina kuma? Mu ba mu da aljihu. Ƙullina kuwa ba ya kwancewa da wasa, haka uwata ta koya mani, don kada abu ya faɗi kan hanya.

To, ga abin da ke faruwa. Sa ya gurfana. Ni in sunkuya ina fama da ƙulli, da farce, wani lokaci har da haƙori. Kafin in kwance, ya lashe dusa ya miƙe. Shina miƙewa kanwa na isa bakinshi. Kullum haka, safe da la'asar. Ba a daɗe ba ya ƙware, ko dusa ban watsa ba, ina cewa "ƙasa" sai ya faɗi bisa gwiwa. Amma kafin ka ƙifta ido ya tashi tsaye, ya miƙo mani baki. Kullum sauri ƙaruwa shike, awa wanda ya durƙusa bisa garwashi.

Inna na bakin ɗakinta da mazari tana kallo. Ta ce, "Ke, wanga sa naki gaisuwar mai bin bashi shike yi. Bai kai ƙasa ba ya tashi."

Na ce, "Sannu sannu, Inna, zai nitsu."

Mijina ya matsu, don har an yayyafa irin albasa, ya fito kore shar, dashe na matsowa. Wata hantsi ya ce zai gwada. Na aza akumari, na ce "ƙasa," sa ya gurfana. Mijina ya dafa tozo, ya ɗaga ƙafar nan da hannu biyu zai ƙetara da ita. Sa ya miƙe. Ya watsar da shi can gefen turmi, hula ta yi nata wuri. Inna ta yi salati. Ɗiyanmu sunka fasa kuka. San kuwa ya juyo gare ni hankali kwance, ya miƙo baki shina jiran ladarshi.

Mijina ya ƙi a kama shi. Ya ja jiki ya kai ga sandarshi ya miƙe, ya ce, "'Yar Rabah," don haka shike kirana, "ki kai abinki mahauta su huta da shi. Ni na gama. A ba wanda za a ba."

Idona na ga bakin san nan. Ya yar da maigida ƙasa, amma ga shi tsaye awa wanda ya yi abin kirki. Sai abin ya faɗo mani. Shi a ganinshi abin kirkin ya yi. Ban taɓa biyan shi gurfana ba ko sau ɗaya. Tashi nike biya. Duk kanwar da ya ci wurina, tsaye ya ci ta. Dabba ba ta san ɗazu ba, abin da take yi lokacin da daɗi ya shiga bakinta shi take ɗauka an yaba. Sa bai yi kuskure ba, ni ma ban yi ba, ƙullin uwata ne ya shiga tsakaninmu.

Na koma riƙe kanwa ga tafin hannu. Nan ma ba ta yi ba. Shina jin ƙanshinta ba ya ko sauraren "ƙasa," sai bin hannuna da hanci, ya ture ni har jikin rumbu. Kuma na yi tunani, ran da mijina zai hau, hannunshi ɗaya na ga tozo, ɗaya na ga ƙafa, da wane zai kai kanwa bakin sa kan lokaci? Ana bukatar abin da zai isa wurin dabba da sauri fiye da hannu.

Allah ya nuna mani shi ina shara. In zan yi aiki nakan tura mundayena sama su kama damtse, don kada su dame ni. Ranar zanena ya yi sako-sako, na sauke hannu zan gyara, sai mundaye sunka zamo sunka bugi juna, ƙyal. San na can ɗaure ƙarshen gida, ya juya mani baya. Ya ɗago kai awa an kira sunanshi, kunnuwa sunka miƙe, yawu ya fara zuba. Na tsaya da tsintsiya ga hannu. Ashe duk lokacin da na kai hannu ga haɓar zane, mundaye ke riga ni magana. Ya daɗe da sanin ƙararsu. In ya ji ta, kanwa na bisa hanya.

Da la'asar na cire su na riƙe ɗaya ga kowane hannu. Na ce "ƙasa." Gwiwarshi na taɓa ƙasa, ba kafin ba, ba bayan ba, na haɗa su, ƙyal. Ya miƙe kamar yadda ya saba, na kwance ƙullina a natse na ba shi. Na sake. Na sake. Kanwa na zuwa a makare kamar da, amma yanzu ƙara ta riga ta faɗa mishi abin da anka biya. Kafin a daɗe na ga shina jinkiri ƙasa, kunne a karkace, shina jiran ƙarar. Sai na fara ja mishi rai. Gwiwa ta taɓa ƙasa, in riƙe hannuwana nesa da juna, in ja numfashi, sannan ƙyal. Gobe in ƙara kaɗan. In ya gaji ya tashi kafin ƙara, ba duka, ba faɗa, ba kanwa, in juya in kama wani aiki. In na ga na yi mishi yawa sai in rage. Nan ya gane tashi ba ya kawo komi, zama ƙasa ke kawo ƙara, ƙara ke kawo kanwa.

Sai dai mundaye ba su san lokacin aiki da lokacin banza ba. Ina jan ruwa su yi ƙara, ina shanya su yi ƙara. Rannan ya ji su ina tankaɗe, ya ja igiya ya zo, bai samu komi ba. Da la'asar da na buga mishi su sai ya dube ni irin duban da ake yi wa wanda ya taɓa yi maka ƙarya. Na ce a'a, ba za a ɓata mani magana ba. Na cire su gaba ɗaya, na naɗe kowace cikin tsumma dabam, na sa cikin ƙwarya. Ba su fitowa sai za a yi aiki, kuma duk ƙarar da sunka yi, ko da kuskure ne, sai an biya.

Nan Inna ta ga hannuna tsirara. Ta aje mazari, abin da ba ta yi sai ta yi fushi.

Ta ce, "Zo nan. Ina mundayenki?"

Na ce, "Suna ƙwarya, Inna."

"Mi sunka yi miki?"

"Na sa na, don kada shi riƙa jin su banza."

Ta ce, "Na sa! Ɗana na numfashi cikin gidan ga, kina yawo da hannu awa mai takaba? Ƙahwa tam mutu, ba shi ba. Mata su shigo su gane ki haka, mi za su ce? Mi shi kanai zai ce cikin ranai?"

Wallahi ban kawo wannan ba, hankalina duk shina ga sa. Wurinmu mace ba ta tuɓe adon hannu sai miji ya rasu. Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, taho ki gani da idonki, in ba ki yarda ba in maida su." Na ɗauko mundaye na ce da sa "ƙasa." Ya gurfana. Na tsaya hannu buɗe, na dubi Inna na tambaye ta kwanan ƙafarta, da ya sanyi, da ya zaren jiya, ta amsa duka tana hararata, sa na nan ƙasa bai motsa ba. Sannan ƙyal.

Inna ta juya. Ta shiga ɗaki, na ji tana buɗe faifan da ke rufe da kayanta. Ta fito da wata tsakiya, dutsen ado ja da anka shirya ga zare, wadda ba ta sake sa wa jikinta ba tun rasuwar mijinta. Ta kama hannuna ta ɗaura mani da kanta, ta ce, "Wagga ba ta da baki. Ki sa ta, kada in ƙara ganin hannun ga haka."

Daga nan aiki ya tafi. Na raba shi da gindin rumbu, mu yi bakin rijiya, mu yi bayan gida, mu yi inda na zubar da ruwan wanki ƙasa ta yi taɓo, don ya saba da sa gwiwa cikin danshi. Kowane sabon wuri sai ya yi awa bai taɓa ji ba, in koma baya in biya shi ko lanƙwasa ƙafa ya yi. Na aza mishi taiki shina gurfane. Na jingina da shi. Har na tattare zane na hau da kaina, na miƙe ƙafa ɗaya sandararriya ina kwaikwayon maigida, Inna ta rufe fuska da mayafi tana dariya tana cewa Allah shi shirye ni.

Saura mai hawa. Duk abin nan mijina na zaure, ko ya shigo sai ya kau da kai. Da irin albasa ya kusa isa cira, na kai mishi tuwo, na aje, na miƙa mishi mundaye.

Ya dube su ya dube ni. Ya ce, "Abin da nib ba ki shi za ki maido man?"

Na ce, "Aro na, Maigida. In ka cire albasa ka maido man abina."

"Ni da gemuna in riƙa kaɗa ma sa mundaye?"

"To ka bari wani shi kaɗa guga ga jigon ubanka."

Bai ci tuwon ba sai da ya huce. Amma da hantsi na ishe shi tsakar gida tsaye kusa da sa.

Koya wa sa bai ba ni wuyar da koya wa mijina ya ba ni ba. Mutum ne mai nawa wurin yabo. Sa ya gurfana, shi sai ya tsaya ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya ce madalla, sannan ya tuna da mundaye, lokacin sa ya fara tashi. Ko kuma sa na can nesa ya buga su don ya kira shi. In ce, "Ba kira ba na, Maigida, godiya ta. Kuma tunda ka buga, biya shi." Ya ce wai ni da sa mun haɗa kai muna cin kanwarshi. Sai na koma tsayawa bayanshi, in ya buga daidai in ce "yauwa" nan take, in ya kuskure in yi shiru. Ban faɗa mishi abin da nike yi ba. Inna ce ta gane, ta riƙa toshe baki da zane. Hannunshi ya faɗa. Ya hau cikin gida, ya sauka, ya zagaya bayan gari. Sai dai zura mundayen ga hannu ya ƙi ƙememe. Aljihun dama ɗaya, na hagu ɗaya, in zai buga ya fiddo.

Ranar dashe ta zo. Ni da Inna munka lulluɓa munka ɗauki wanki, wai wanki za mu yi bakin mashigi. Maza sun riga sun ƙetare, ana hango su cikin fadama, mai gari na tsakiyarsu, da mutumin da kowa ya san shi za a ba garkarmu. Mijina ya iso bisa sa, zaune daram, ƙafar nan miƙe gefe guda, sanda bisa cinya. Abin da ban sani ba, tsoron kada mundayen su faɗa ruwa ya sa ya zura su duka biyu ga igiya ɗaya ya rataya ga wuya, cikin riga, inda ba mai gani.

Sa ya shiga ruwa. Sun kai tsakiya, ruwa ga cikinshi, ya taka wani rami ya girgiza. Ƙyal. Ya tsaya cik, ya juyo da kai shina neman hannun maigida. Mijina ya ja igiya, ya zungure shi da diddige, ko gezau. Mazan ƙetare sunka fara taruwa bakin ruwa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "A kawo jirgi ko a kawo turmi?" Anka yi dariya. Na ga mijina ya ɗaga sanda sama.

Na manta da lulluɓi, na manta da maza. Na ce, "Maigida! Ya ji ƙara! Biya shi!"

Sandar ta tsaya sama. Na san abin da ke ranshi. In ya sauke ta ga san nan, cikin ruwa, gaban mutane, to, ƙarar ta zama ƙarya, kuma ƙetare ba abin da zai sa ya gurfana. Ya daɗe haka. Sannan ya maida sanda bisa cinya, ya sa hannu aljihu, ya sunkuya ya ba sa kanwa tsakiyar gulbi, mutane na kallo. Ya zaro igiyar daga wuya ya tsinke ta da haƙori. Ya kama munduwa ɗaya ya buɗa bakinta da ƙarfin hannun mai jan guga, ya zura ga dama. Ya buɗa ɗayar ya zura ga hagu. Rana ta haska su. Mai maganar turmi ya ce, "Kai, amarya ta iso!" Mijina bai ko dube shi ba. Ya riƙe hannuwa nesa da juna ya ce da sa mu je.

Sunka fita cikin laka, sa na zare ƙafa da ƙyar, har gindin jigo. Daga inda nike ban ji "ƙasa" ba, na dai ga kan sanda ya taɓa ƙafar gaba. Sa ya shinshina wurin, bai taɓa gurfana nan ba, ga taron maza, ga hayaniya. Ya tsaya. Inna ta damƙe hannuna har tsakiyar nan ta shige mani fata. Mijina bai sake taɓa shi ba, jira ya yi, shi da ba ya iya jiran tuwo ya huce. Can ƙafar gaba ta lanƙwashe, ɗayar ta bi. Ya dafa tozo, ya ɗauki ƙafarshi da hannu ya ƙetaro da ita sannu, ya kafa sanda, ya tsaya bisa ƙasar ubanshi. Sa na gurfane bai motsa ba. Sai ƙarar ta ƙetaro ruwa ta ishe mu, ƙarama, ƙyal.

Ya ba shi kanwarshi. Ya ɗingisa ya jingina da gindin jigo, ya kama igiya ya tsoma guga, ya ɗago ya zuba. Ruwa ya bi tsohuwar hanyarshi cikin ciyawa. An faɗa mani mai gari cewa ya yi, "To, na ishe ka tsaye," ya wuce garka ta gaba. Inna ta zauna bisa wankin da ba mu wanke ba tana share ido, tana cewa hayaƙi ne, ba kuwa wuta kusa.

Albasa ta yi kyau shekarar nan, har fatake sunka ɗauka zuwa Goronyo. Aro kuwa bai dawo ba. Ya sayo mani wasu sababbi, farare, sun fi waɗannan kyau, amma muryarsu dabam ce, ko na buga su gaban sa kunne bai motsawa. Waɗannan sunka zauna hannun mijina, ɗaya dama ɗaya hagu, har mutane sunka gaji da ba'a sunka bari. Har masallaci da su shike zuwa, ya tura su sama cikin hannun riga. Garkar na hannun jikokinmu yanzu.

Da ya rasu, masu wanka sunka aiko mani da su cikin ƙwarya. Na gama takabata na sa su, ban yarda maƙeri ya matse su ba. Suna zamowa, suna haɗuwa. San ya daɗe da mutuwa, amma har yau in sunka yi ƙara sai in ga hannuna ya tafi haɓar zane shina neman ƙulli.